Jerin rugage guda ɗaya, daga Gusau zuwa Bungudu

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, ni da wani abokin aikina, da fulofi biyu, faifan ajiyar kwamfuta, a aljihuna. Gyaran kuskurena za mu kai ofisoshin rigakafin shanu na Tsafe da Bungudu.

Ni na rubuta wa masu rigakafin shanu manhajar kwamfuta mai tagogi biyu, ta shigar da sunayen rugage da ta buga jadawalin zagaye. Kowace taga tana da fayil ɗin da ke bayyana fasalinta: maɓalli nan, jeri can. Don lalaci na sa kowane fayil ya ƙirƙiri nasa jerin rugagen. Sabuwar rugar da aka shigar a tagar farko, ta biyu ba ta san da ita ba. Gyaran shi ne jerin ya zama tilo, a ƙirƙire shi sau ɗaya, fayilolin su riƙa nuna shi da suna kawai.

Saboda wahalar mai an ninka kuɗin mota, aka cusa mu huɗu a gaba. Duwatsun Kwatarkwashi ta ƙarƙashin hammatar wani na gan su. A Tsafe muka karya da ƙosai da kunun tsamiya muna jiran janareto ya yarda ya tashi. Aikin kansa bai kai minti goma ba.

Muka dawo ta Gusau, muka isa Bungudu bayan azahar. A bakin ofishin muka tarar da wani dattijo makiyayi daga wajen Kekun Waje. Ma'aikacin ofishin ya ce zuwan dattijon na uku ke nan.

"Malam, gabana anka rubuta sunana," in ji dattijon. "Mi ya hana a zo?"

Na ji kunya ƙwarai. Na sa fulofin, muka buga jadawali, sai ga rugarsa a layi na bakwai. Na ce masa jibi za a je. Ya sa aka karanta masa sau biyu.

"To, madalla. Maruƙa ukku dai sun riga sun tahi."

Ya ɗauki sandarsa.

Mun shigo Gusau da magariba. Na koyi cewa abin da kowa ya dogara da shi, wuri ɗaya ake ajiye shi. Layi biyu na canza a fayilolin nan, kuma da na canza su tun farko, da maruƙan suna nan.