Faifan Waya na Kaka

Wata Asabar da la'asar, a daminar da na shiga aji shida, Kaka ta kara abin sauraro a kunnenta ta ce mu yi shiru. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, sanyi ya sauko tsakar gidanmu na unguwar Ali Kazaure, kaji ma sun lafe a ƙarƙashin benci.

Babanmu gyaran fanka yake yi a kasuwar Taminus, saboda haka wayar tagulla ba ta yanke mana. Ni da yayana Sabo mun naɗe ta a kwalba, a ƙusa, har a ƙahon rago. Wani naɗin in an haɗa da batir ya ɗauki allura, wani ya yi zafi ya ƙona mini yatsa. Kaka, mahaifiyar Baba, ta gaji da ganin ɓarnarmu, ta karɓi wayar ta naɗe ta a shimfiɗe yadda take ɗinka faifai. Sabo ya haɗa faifan da wayar shanya da wani baƙin dutse da take ajiyewa a ɗakinta. Daga ramin haƙar kuzar da ya rufta da kakanmu aka ɗauko dutsen, gawarsa kuwa ba a taɓa samu ba. Babu batir, babu lantarki, sai ga muryar namiji a cikin abin sauraron ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya.

"Malam ne," in ji Kaka. Haka take kiran kakanmu.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta zauna da faifan a cinya tana gyaɗa kai, wani lokacin har ta amsa. Tsoro nake ji sosai, amma rawar kai ta fi tsoron ƙarfi, na ƙudura sai kowa ya ji abin da mamacin ke faɗa. Sabo ya ce in bar kaza cikin gashinta, na ƙi. Na ja waya har ƙolin gwaiba, na ƙara naɗi. Muryar ta fito tangaran: ma'aikacin gidan rediyo ne yana karanta gaisuwar masu sauraro. Kaka ta daɗe tana ji, sannan ta miƙo mini abin sauraron.

"Ya tafi ke nan," ta ce.

Har ta rasu ba ta sake tambayar faifan ba. Yau 'ya'yana suna jin muryar wanda suke so daga ko'ina, tar da ita, ba sai sun kasa kunne ba. Nakan dube su in tuna tsohuwar tana amsa wa mijinta. Har yanzu ina jin kunyar gwanintata.