Wuƙar Babanmu da Ba Ta Ci

Zariya

Na bar gida ana kiran assalatu a masallacin bayan layinmu, ranar jajibirin Kirsimetin da ya wuce. Na rubuta wannan ne saboda yayyena da ke nesa, waɗanda suka yi ta tambayata a waya yadda tafiyar ta kasance, ni kuwa ban cika iya bayani da baki ba.

Mama ce ta aike ni. Tun damina take kwance, kuma ko da yake likita bai faɗa mana komai kai tsaye ba, ina jin ta fahimta. Ta ce in sayi taure a Funtuwa, in kai shi da ransa ƙauyenmu, Unguwar Kanya, can bayan Dayi. In tsaya a ƙofar gidan Malam Idi, maƙwabcinmu na da, in yi sallama, in ce masa wuƙarmu ba ta ci. Ta ce ba ta son ta bar duniya ba ta sake ɗanɗana naman da hannunsa ya yanka ba.

Haka marigayi Babanmu, Dauda, yake yi kowace shekara. Dattijon coci ne, kuma ya iya yanka sarai, amma duk safiyar Kirsimeti sai ya ja akuya zuwa gidan Malam Idi da wannan magana. Malam ya yanka, a fede, mu yara mu rarraba gida gida, na Musulmi da na Kirista. Sai da na girma na gane dalili: yana son kowa a unguwa ya ci ba tare da shakka ba, kuma ba ya son kowa ya ji nauyin faɗin hakan. Yakan ce umarnin da aka ba mu na ƙaunar maƙwabci bai cika da aika masa kwano ba, sai ya buɗe kwanon hankalinsa kwance. Tun rasuwarsa, shekara kusan goma ke nan, babu wanda ya koma a cikinmu.

Funtuwa

Na sami gaban mota a tasha, muka tashi gari na wayewa. Tsakanin Zariya da Funtuwa bai kai kilomita tamanin ba, in ban yi kuskure ba. Mun tsaya a shingen jami'an tsaro wajen Giwa, suka leƙa, suka ce mu wuce. Direban, wani mai yawan raha, ya lura ina ta duba waya, ya ce, "Malam, hanyar lafiya lau take. Ko amarya za ka ɗauko ne?" Na ce a'a, akuya. Aka yi dariya har kujerar baya.

Ni dai ba dariya nake ba. Tun muna hanya nake saƙa da warwara. Na ji ana cewa yanzu akwai samarin da ba sa karɓar abincin Kirsimeti, ban sani ba ko 'ya'yan Malam na cikinsu. Ban ma tabbata ko shi kansa yana da sauran ƙarfin riƙe wuƙa ba. In na tsaya masa da dabba a bainar jama'a, zai yiwu in sa shi a tsaka mai wuya, ya rasa yadda zai ce a'a. A ganina, a lokacin, akwai hanya mai sauƙi: in sa mahauci Musulmi ya yanka a Funtuwa, in kai nama a kula mai ƙanƙara. Halal ne, wanda ya so ya karɓa, wanda bai so ba babu wanda ya ga fuskar wani.

Na sha shayi da burodi a bakin tasha, na wuce kara na zaɓi wani jan taure. Farashin ya ba ni tsoro, amma ba shi ne labarin ba. Mahaucin da aka haɗa ni da shi ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, don nama ya fi daɗi in an yanka a inda za a ci. Na ce na tabbata. Ban tabbata ba. Kafin hantsi ya yi nisa an gama, an zuba ƙanƙara, na ɗora kula a but ɗin motar Malumfashi.

Malumfashi da Dayi

Wannan hanyar ce ta fara karya mini zuciya. Karan dawa a tsaye a gonaki an riga an yanke kawunan, tulin buhunan masara a bakin titi, mata na sussuka a ƙarƙashin ɗorawa. A wajen Ƙarfi na ga amalanken shanu ɗauke da auduga, na tuna yadda Baba yake ɗora ni a kan irinsa ranar kasuwa, yana gargaɗina kada in yi barci in faɗo.

A Malumfashi na canza mota, na ci shinkafa da wake a tsaye don kada rana ta yi. Daga can zuwa Dayi ba nisa. A Dayi na hau babur, kula a tsakanina da ɗan acaɓa. Da na faɗi sunan ƙauyen da gidan da za ni, sai ya ce ai Malam Idi yana nan, sai dai ido ya yi rauni, 'ya'yansa ke noma yanzu. Na so in tambaye shi wane irin mutane ne 'ya'yan, na kasa samun yadda zan jera tambayar.

Unguwar Kanya

Mun isa bayan azahar. Gidanmu ya rushe ta gabas, kanyar da ke tsakanin gidajen biyu kuwa tana nan yadda na bar ta. Malam Idi na zaune a gindinta a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Bulus ne, autan Dauda. Ya kamo hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi Mama, ya tambayi yayyena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na yara, har da waɗanda mu kanmu mun daina kira. Matarsa, Inna Rabi, ta fito da fura, tana faɗa wai na rame, boko bai ba ni komai ba sai tabarau.

Sai na jawo kula na buɗe. Na yi dogon bayani, wanda na shirya tun a mota: cewa Musulmi ne ya yanka, a gabana, ya yi bisimilla, kuma ba dole ba ne kowa ya karɓa. Malam ya saurara har na gama. Ya ce an gode, Allah ya sa albarka, za a ci. Daga nan ya ci gaba da jan carbi, Inna Rabi kuma ta koma ciki. A nan na san na ɓata abin da aka aiko ni.

Can ya ce, "Iyakar saƙon ke nan? Mahaifiyarka Saratu ba ta ce ka faɗa mini komai ba?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ta ce in ce maka wuƙarmu ba ta ci."

Dariya ya yi har da tari. Ya ce duk faɗin ƙasar nan babu wuƙar da ta kai ta Dauda ci, shi da kansa ita yake ara kowace Layya, da safe ya karɓa, da yamma ya mayar tare da cinya. Da Kirsimeti ta zo kuma sai ga Dauda a ƙofar gida, fuska a murtuke, wai wuƙa ta dakushe. Shekara da shekaru suna haka, babu wanda ya taɓa tona wa ɗan'uwansa asiri.

"Mahauta ba su ƙare a Dayi ba, ɗana," in ji shi. "Da nama kawai ubanka yake so mu ci, da can zai kai. Ni yake kira."

Na ce to ga shi na riga na yanka, ban san yadda za a gyara ba. Inna Rabi ce ta amsa daga zaure. Ta ce akuyar da Mama ta bar mata ranar da muka tashi daga ƙauyen ta yi ta haihuwa, ita kuwa kiwo ta ɗauke ta, ba kyauta ba. Kowace shekara suna ware taure ɗaya, ko wani zai zo. Malam ba ya yanka dabbar da mai ita bai ce a yanka ba.

A ɗakin babban ɗansu, Lawal, na kwana, wanda na yi ta jin tsoro a hanya ban ma tuna fuskarsa ba. Shi ya ba ni bargonsa.

Safiyar Kirsimeti

Da rana ta fito na ja tauren na zagaya ta waje, na tsaya a ƙofar gida kamar baƙo, na yi sallama, na faɗi maganar. Malam ya fito da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Ta Baba ce, mai ƙotar ƙirya da ya ɗaure da waya. Ya are ta a Layyar ƙarshe, ciwon Baba ya tashi aka wuce da shi asibiti, bai sami wanda zai mayar wa ba. Lawal ya riƙe kai, ni na riƙe ƙafafu inda Baba yake riƙewa. Malam ya laluba wuyan da yatsunsa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka sau ɗaya.

Na je sujada a ƙaramin cocinmu, wanda mutanensa suka ragu sosai, na dawo na tarar an kasa nama. Ni da Lawal muka zagaya da shi. Ba zan ce kowane gida ya karɓa da fara'a iri ɗaya ba. A wani gida an yi jim kafin a miƙo kwano. Amma da aka ji naman Dauda ne, yankan Malam, ba a mayar mana da ko ɗaya ba. Naman Funtuwa kuwa Inna Rabi ta soye shi tun jiya, tana ba duk wanda ya leƙo tana cewa ga na 'yan boko.

Da zan tafi ta ba ni soyayyar hanta a ƙaramin kwano, ta ce ta Saratu ce, kada in taɓa. Malam ya miƙo mini wuƙar. Na ce ya riƙe mana, ai a wurinsa ta fi amfani, mu a birni muke. Ya tura mini ita a hannu.

"Tafi da ita. In tana wurina, baɗi me za ka zo ka ce ba ta ci?"

Komawa

Lawal ya kai ni Dayi a babur ɗinsa. Motoci sun yi ƙaranci saboda biki, na ɗan jira a Malumfashi, hankalina na kan kada yamma ta same ni a hanya. Na naɗe wuƙar a ƙasan jaka, ina ta shirya abin da zan faɗa in an bincika a shinge, amma ba wanda ya tambaya. Na shiga Zariya ana shirin magariba.

Na faɗa wa Mama komai, har da kular. Ba ta yi faɗa ba. Ta ci hanta yanka biyu, wanda ya fi abin da ta ci a makon gaba ɗaya. Sannan ta ce in ba ta wuƙar. Ta warware tsumman, ta shafa bakin da babban yatsa a hankali, ƙarfen na ƙyalli saboda washin da ya sha.

"Ba ta ci," in ji ta. "Ka adana."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Idi da Inna Rabi da Lawal. Wuƙar tana cikin akwatina, kuma baɗi, in muna raye, da ransa zan kai tauren.