Ranar da Na Ƙi Busa Usur

Na yi shekaru ina alƙalancin ƙwallon kwando na yara, amma akwai wata Asabar a Tasawa da ba za ta taɓa fita raina ba. Yaran wata makaranta daga wani ƙauye wajen garin Sarkin Hausa ne suka zo karawa da namu na gari. Su a kan yashi suka koyi wasan, inda ƙwallo ba ta tashi in an buga ta ƙasa, sai dai jifa. Ranar suka fara taka filin siminti. Kafin hutun rabin lokaci an yi musu nisan da na daina kallon allo.

Cin bai dame ni ba. Wanda ya ƙona mini rai mai lamba bakwai ne, ɗana na fari. Duk ya jefa ƙwallo a raga sai ya duƙa gaban baƙin yana kwaikwayon noma, 'yan kallo na shewa. Ni da ubana ya tsufa riƙe da hauya! To amma ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in tsaya ina tsawata masa a bainar jama'a. Na haɗiye fushina, fushin kuwa ya nemi wata ƙofa: na daina busa wa baƙin laifi. Su ture, in kau da kai. Su make hannu, in yi kamar ban gani ba. A raina ina cewa maganinsa ke nan.

Malaminsu ya matso bakin layi ya ce, "Alƙali, busa mana! Wanga ba taimako ba ne, wani za a ji ma ciwo."

Ban kula shi ba. Can ɗana ya yi tsalle, wani dogon yaro cikin baƙin ya hankaɗe shi a sama, ya faɗo da goshi a siminti. Nan take 'yan gari suka zaburo, wasu da duwatsu a hannu. Na sha gaban dogon yaron, ɗana kwance can gefe ban san halin da yake ciki ba.

"Mai son taɓa shi ya fara da ni!" na ce, ina busa usur kamar zan tsaga shi.

Da ƙyar dattawa suka mayar da mutane. Na tashi wasan, na ɗauki ɗana a babur zuwa likita. A hanya, jini na ɗiga a rigata, ya ce, "Baba, tun ɗazu suke bugu na. Mi ya hana ka busa?"

Da na hukunta shi tun kwaikwayon farko, da ba a kai nan ba. Tun ranar na gane alƙali ba ya ramuwa da shiru, laifi kuma tun yana ƙarami ake busa shi, ko na ɗan fari ne. Yau ya zama magidanci, tabon na nan a goshinsa. Mutane na cewa wani yaron ƙauye ne ya ji masa, ni kuwa na san ni ne.