Malama Rifkatu Mai Gwangwanin Wake

"Na ce babu mai zuwa bikin sallamarta daga gidan nan," in ji Alhaji Nata'ala. "Matar da ta cika mini jika da tambaya kamar alƙali?"

Matarsa 'Yardada ko ɗagowa ba ta yi ba. "Alƙalin ne ya kama ka ba amsa, Alhaji."

Wadda ake wa wannan rigima ita ce Malama Rifkatu, Kirista, mai koyar da kimiyya a firamaren unguwarmu, Madabo. Tun gashinta na baƙi take hawo a-daidaita daga Sabon Gari kullum safiya, jakarta cike da gwangwanayen madara. Yau take ajiye alli.

Malamar nan ba ta ba yaro amsa a baki. Sai ta sa ya shuka wake a gwangwani, ya tsira, ta kwantar da gwangwanin. Kwana kaɗan tsiron ya lanƙwaso yana neman sama. Sai ta ce, "To, wa ya gaya masa inda sama take?"

Mai kitsonmu, wadda take yi wa matan cocinsu kitso kuma bakinta ba ya riƙe ruwa, ta ce ranar Lahadi ma da gwangwanin Malama take zuwa coci. Ta yi wa yaran cocin tambayar, su buɗe littafinsu mai tsarki su lalubo Mahalicci da kansu. Namu kuwa cewa take, "Ku kai wa malaminku na allo." Ba ta taɓa tsallake wannan iyaka ba, kuma da ta tsallake, wallahi da ni zan fara ji.

Malama, ke ce kika haɗa wa yaro boko da tsoron Allah ba tare da kin taɓa masa addinin iyayensa ba. Rifkatu, rijiya mai ba da ruwa ga kowane guga, mun gode. Malaman zamani masu karanta wa yara allo kamar labaran rediyo, ku je ku ari gwangwani.

A tsakar gida kuwa Alhaji bai sauko ba. "Jikata Ikram ta tsare ni a zaure, gaban mutane, wai wa ya koya wa wake hanya."

"Ka ce mata me?"

"Na ce ta tambayi Malam Shehu, malaminsu na allo."

"Shi ya ce me?"

"Ya jawo mata aya."

"Tun daga ranar, wa ke tashinta sallar asuba?"

Yarinyar da a da sai an yayyafa mata ruwa, yanzu ita ke buga wa Alhaji ƙofa.

"Kin ga, ke ma ta koya miki tambaya," ya ce. Ya fizgi kwanon alkakin da 'Yardada ta shirya wa Malama. "Zauna. In kika je ke kaɗai, cewa za a yi gidan nan babu namiji mai godiya."

Ya zura takalmi ya fice, ya buga ƙyauren har kajin maƙwabta suka watse.