Mutumin da Ke Zama Kusa da Janareta

A asibitin, kowa a layin masu ciwon kunne yana gudun bencin da ke kusa da janareta, amma shi can ya zaɓa. Sai da injin ya mutu na ga fuskarsa ta yamutse, ya danna ɗan yatsa a bayan kunnensa. Shiru ne ke damunsa.

Dattijo ne siriri, gari ya maƙale a ɗinkin hularsa. Ina zaton mai injin niƙa ne daga Darki, ya shekara talatin cikin ƙara, yanzu ƙarar ta bi shi gida, tana cikin kunnensa ko babu inji.

Aka kira shi ɗakin gwajin ji. Ƙofar ba ta rufuwa, shi kuma da ƙarfi yake magana, don haka ina jin komai.

"Baba Haladu, wannan ƙarar ba ta da ƙwayar magani," in ji ma'aikaciyar da ke gwajin. "Sai dai a koya maka zama da ita, kuma ba a horar da ni a kan haka ba. Ga takarda, ka je Kano wajen likitan ƙwaƙwalwa."

"'Yar nan, kunne na kawo miki, ba hauka ba. A gida cewa suke aljanu ne. Ke kaɗai kika yarda ina jin ta. Ke ki koya min."

Ta miƙa masa takardar. Sannan ta kira na gaba.

Ba na jin zai je Kano. Ya tsuguna a bakin famfo yana alwalar azahar, ya daɗe yana shafar kunnuwansa.