Kunnen Aro

Sana'ar lemun citta wahala ce, kada wani ya ruɗe ka. Ka wanke citta, ka kankare, ka daka har kafaɗarka ta mutu, ka tace, ka sake tacewa, sannan zafin yini guda ya lalata maka duka. Na daɗe ina yin ta a nan Magariya, kuma har yau bayana bai saba ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da ban wuce aji huɗu a lakwal, makarantar boko, ba, wani ɗan gilashi ne. Tsawonsa kamar kara, gindinsa da nauyi, an jera masa lambobi a wuya. Ɗiyata ta fari, mai karatu a Damagaram, ita ta kawo mini. Ta ce in na tsoma shi a lemo zai yi iyo, inda ya tsaya nan ne yawan sukarin. In lambar ta fara sauka da kanta, to lemon ya fara juyawa, ya kama hanyar zama giya. Ta kawo shi ne don kunnuwana sun yi nauyi. Shekarun da na yi a bakin injin niƙa sun cinye su.

Za ka ce me ya haɗa kunne da lemo. To, a gidanmu da kunne ake awo.

A wani ƙauye kusa da Waca na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. Ita ke yi wa garin lemun citta, in ana suna ko biki ko buɗa-baki. Tulunta baƙi ne, yana zaune cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin tsamiya. Da hantsi gidan duk ƙamshin citta da kanumfari, har ido ya yi ruwa. Ba ta da ma'auni sai tafin hannu da harshe. Amma kafin lemo ya fita gidan, sai ta durƙusa ta kafa kunne a bakin tulu. In shiru, a ɗauka. In ta ji wani ɗan sisisi, kamar tururuwa na tafiya a kan busasshen ganye, sai ta ce tulu ya fara magana, ta kai shi bayan gida ta tuntsurar. Ko awaki ba ta ba wa.

Da tsufa ya kama ta, ji ya ragu, sai ta ɗora mini aikin.

"Zo nan, angona, mijin da ba ya cefane. Ara mini kunnenka."

In durƙusa, sanyin tulu a kumatuna, ita kuma ta ɗora hannu a ƙeyata tana jira. Har yanzu ina jin nauyin hannun nan, da kaushinsa.

Shekarar da kakana ya rasu, sadakar arba'in ɗinsa ta faɗo a tsakiyar bazara. Kawuna ya haura iyaka a kan keke ya sayo sukari. Ita kuma ta hana kowa taɓa turmi, ta ce na tsohonta ne, ita za ta daka. Yini guda tana daka, yatsunta a kumbure, tana hutawa tana komawa. Ta haɗa tun jajibiri don ta samu sararin tuwo washegari.

Da gari ya waye ta kira ni. Na kafa kunne. Tulu na magana. Ba da ƙarfi ba, amma yana yi.

Na ɗago na dubi hannuwanta. Na ce, "Shiru, Kaka."

Aka kai wa dattawa a ƙofar gida, suna zaune bisa tabarmi an gama addu'a. Liman aka fara miƙa wa ƙwarya. Ya kurɓa kaɗan, ya juya gefe ya zubar a hankali, ya ajiye ƙwaryar a bayansa. Ya ce, "Citta a wannan zafi za ta tayar mana da ciki, mu tsofaffi. A ba mu ruwan randa." Aka mayar da tulu cikin gida kamar yadda ya fito.

Kaka ta tsoma yatsa ta lasa. Sannan ta ja tulun da kanta zuwa bayan gida, ina biye ina jiran dorina. Ba ta buge ni ba, da ma ta buga. Ta zauna a kan turmi ta jawo ni jikinta.

"Na ce ka ji mini tulu, kai kuma ka je ka ji tausayina. Ba shi na ara ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Bayan kwana biyu ta sake kirana in ara mata kunne, kamar ba a yi komai ba.

Watan jiya maƙwabcina ya samu ƙaruwa, ɗansa na fari bayan dogon jira. Ya ce ni zan yi lemun suna, bido biyu, wato manyan jarkoki. Na haɗa ranar Talata da safe don in sa a firijo, suna kuma Alhamis. Na tsoma gilashi, ya tsaya a dubu da hamsin. Da azahar aka ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan, bai dawo ba. Laraba da la'asar na sake tsomawa, sai ga dubu da arba'in.

Na buga wa ɗiyata waya na ce abinta ya lalace.

"Baba, ka murza shi tsakanin yatsu, wataƙila kumfa ce ta manne masa."

Na murza. Sai ma ya ƙara nutsewa.

"Lemon da ɗumi? Sa kofin cikin ruwan randa ya huce, ka sake."

Na sake. Bai canja wani abin kirki ba.

"To tsoma shi a ruwa zalla. Ina ya tsaya?"

Na ce a dubu cif.

Ta ce, "Baba, gilashin lafiyarsa ƙalau. Akwai abin da ke cin sukarin nan."

Na kashe waya. Ka san abin da na yi? Na ɗebo sukari na zuba, na gauraya, na tsoma gilashi. Ya taso ya tsaya a dubu da hamsin, daidai inda yake jiya. Na ce to, ga shi ya gyaru. Zaƙin ma ya rufe ɗan tsamin da ke cizon harshe. Ga kafaɗata na ciwo, ga cittar ta yi tsada, ga mutum ya dogara da ni. Na kafa kunne a bakin bido, don sabo. Shiru, mana. Yanzu komai shiru ne a wurina.

Ina tsaye a tsakar gida da gilashin a hannu ana kiran magariba, sai na ji ƙeyata ta yi nauyi. Wancan karon yaro ne ya ji tausayin tsohuwa. Wannan karon ƙato ne mai furfura yake jin tausayin kansa, har ya koya wa gilashi ƙarya.

Yanzu an samu firijo, an samu abin awo mai lambobi, tsamiyar ma an sare ta. Amma limamin unguwarmu yaro ne mai kunya, ba na jin zai ajiye kofi ya nemi ruwan randa. Sha zai yi don kada ya ba ni kunya, jama'a su bi shi.

Washegari, da na fito sallar asuba, na ja bido biyun zuwa kwata na tuntsurar. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina ƙofa na gaya masa gaskiya, na ce lemo zai makara amma zai zo. Na dawo na wanke gilashin na naɗe shi a tsumma, na jawo turmi, na fara daka.