Kitse a Jinin Ramamme

Maigidana ramamme ne tun ina amarya. In ya tuɓe riga a gona, daga bakin hanya kana ganin haƙarƙarinsa. Shi ya sa da likitan Damagaram ya duba analiz, wato takardar gwajin jininsa, ya ce kitse ne ke toshe masa hanyoyin zuciya, sai Malam ya yi dariya, duk da ciwon ƙirjin da ya kai mu can.

"Kitse a ina, likita? Dube ni fa."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce a Indiya ya yi karatu, can ma ya sha ganin ramammu da wannan ciwo. Ƙwayar da zai rubuta tana rage wani kashi na kitsen, amma akwai ragowar da ke yawo a jini, ita sai an haɗa da kama baki. Ni ya kalla da ya zo kan maganar abinci. Ban da man shanu, ban da kitse da kayan ciki, a rage suya da zaƙi.

Muka dawo Magariya. Ni da nake matsar man gyaɗa ina sayarwa, na koma ɗiga shi a miya kamar maganin ido. Malam yana ci ba ƙorafi. Ciwon ya lafa, har yana isa masallaci bai tsaya hutawa a hanya ba. Sai dai ya ƙara ramewa, kuma a wurinmu ramar miji laifin matarsa ne.

Magana ta kai Yekuwa, wurin yayarsa da ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta iso a amalanke da ƙwaryar man shanu. Ta buɗe kwanon tuwonsa, ta leƙa miyar, ta dube ni.

"Wannan ruwan wanki kike ba ƙanena? Mutum ya bushe kamar kara, a ce kitse ya yi masa yawa? Likitan makaho ne?"

"Yaya, a cikin jini yake, ba a gani."

"Ni abin da nake gani nake magani."

Ta kwarara man har ya rufe miyar. Na dubi Malam, don shi kaɗai ke iya cewa a'a. Ya sunkuyar da kai ya ci. Bai taɓa musa mata ba a rayuwarsa.

Ta zauna da mu har kaka. Ina miƙa masa ƙwaya, tana zuba masa mai. Na daina magana. Ba fushi nake ba, ban ma san me nake ji ba, ina dai daka, ina wanki, gari yana wayewa. Kumatunsa suka ɗan ciko, maƙwabta suna yi wa Yaya sannu da ƙoƙari.

Ana cire gyaɗa ya faɗi a gona. Kafin a samo kabu-kabun da zai kai shi asibiti ya cika. Ko man ne, ko kwana ne ya ƙare, ban sani ba, kuma ban koma na tambayi kowa ba.

A zaman makoki hawaye ya ƙi zubo mini. Yaya kuwa ta yi kuka, kukan gaskiya, har muryarta ta dushe. Da ta samu numfashi sai ta kama hannuna a gaban mata.

"Na gode Allah da na zo," ta ce. "Da da yunwa zai tafi."

Matan suka juyo suna jiran bakina.

Na ce, "Haka ne, Yaya. Allah ya saka da alheri."